Bangon da Ɗantani Ya Sa wa Rana

A unguwar Mandawari, zamanin da ake wannan magana, in damina ta kankama mutane iri biyu ne. Akwai waɗanda hadari na haɗuwa za su fara ɗaga kai suna duban azara suna salati, akwai kuma waɗanda Ɗantani ya yi wa gini. Su na biyun nan shanya kawai suke kwashewa, su koma ɗaki su miƙe ƙafa. Ɗantani magini ne ɗan magini, gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa, in kun gaisa sai ka duba tafinka ko ya goge. Shekara talatin yana bisa bango ana wurgo masa tubali yana cafewa, kuma a cikin shekara talatin ɗin nan ba wanda ya taɓa sallama a ƙofar gidansa ya ce ginin da ka yi mini ya faɗi. Iyakar abin da ya mallaka ke nan. Ba gona, ba jaki, gidansa ɗaki biyu da zaure, amma yana da wannan suna, kuma wallahi ya san yana da shi.

Ba a zama lafiya da Ɗantani a kan maganar ƙasa. In ya bi lungu ya ga ginin wani, sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya girgiza kai ya wuce, ko da mai gidan na zaune a dakali yana kallonsa. Ƙasar da ba ta kwana bakwai a kwaɓe ba, ana tattake ta da ciyawa ana yayyafa mata ruwa, ba ya ɗora ta. In mai gida ya ce sauri yake, sai ya ce, "To je ka nemi maginin sauri, suna nan rututu a bakin kasuwa." Matarsa Hajo takan ce da ya san halin mutane rabin yadda ya san halin ƙasa, da tuni an naɗa shi wani abu.

Abu ɗaya ya rage masa a rai. Ya yi ɗakuna, ya yi katangu, ya yi benaye, amma bai taɓa yin babban soro mai ɗaurin guga da sunansa ba, irin rufin nan da ake lanƙwasa azara daga kusurwa huɗu su haɗu a sama. Ya yi shi a ƙarƙashin wasu yana saurayi, aka yabi wasu. Ga shi furfura ta fara, sai aka ji Alhaji Kolo na Shahuci, attajirin fatu wanda kakanninsa suka zo daga Barno, zai rushe tsohon zaurensa ya tayar da soron da ba irinsa a unguwar. Magina uku ke kai gaisuwa gidan duk Juma'a. Ɗantani ba ya zuwa, wai aikinsa ya isa ya gaishe masa da mutane, amma Hajo ta sha ganinsa yana zana soron a ƙasa da tsinke.

Ana nan, ranin shekarar hamsin da huɗu, sai ga Baturen majigi ya sauka Kano. Ga wanda bai riski majigi ba, mota ce ke zuwa da farin ƙyalle da injin haska hoto, a kafa a fili bayan isha'i, a nuna wa jama'a yadda ake shuka auduga ko haƙa masai, wani malami na riƙe da lasifika yana bayani. Kyauta ake kallo, don haka kowa gwani ne a kansa. Wannan Bature shi ke shirya hotunan. Ba Ingilishi ba ne, mutumin ƙasar Polan ne, sunansa Borkowiak, amma wa zai karya harshensa a banza? Tun kafin ya zo Kanawa sun raɗa masa Mai Kango.

Dalili kuwa, an ga aikinsa har uku, kuma mutanen birni ba makafi ba ne. A na auduga, ana cikin awo lafiya lau sai katanga ta zube. A na lambar agana, an gama yi wa jama'a lamba kowa na murmushi, sai bango ya rufta. A na yaƙi da jahilci, dattijo ya koyi rubuta sunansa, to me ya kawo rushewa nan? Amma sai ga ta, kuma bayan ƙura ta lafa ga wata mata tsaye a bakin ƙofa, ƙofar nan ba ɗaki a bayanta sai sarari. Kullum haka, bango ya faɗi, mace ta tsaya a ƙofar da ba gida. Har ta kai ba mai sauraron mai lasifika, jira ake, tsaga na bayyana fili ya ɗauka, "Ga shi nan! Ga shi nan!"

Tafintansa, Malam Salihu, mutumin Gwale ne, tsohon malamin elementare, kuma ba a yi masa rowar baki ba, don haka tarihin Bature ya zaga birni cikin mako guda. Wai kafin babban yaƙin nan da aka kwashi mutanenmu zuwa Bama, ya yi fim biyu a ƙasarsu, na raha da soyayya, har ana nuna shi da yatsa a titi. Yaƙi ya zo aka sa masa kaki, aka kama shi, aka sake shi, ya bi ta Farisa da Masar da Italiya har Ingila. Da aka gama bai koma gida ba, don masu mulkin ƙasar a lokacin ba sa ga-maciji da irinsa. Sai ya ɓuge da koya wa mutanen Arewa haƙa masai. Manyansa na ofis sun rubuta masa takarda sau biyu ya bar rushe-rushen nan, ko a jikinsa. Don su huta, suka ba shi aikin da bango zai faɗi bisa ƙa'ida: majigi a kan amfanin yaɓe kafin damina. Maƙwabta biyu, ɗaya ya yi yaɓe, ɗaya ya yi lalaci, ruwa ya sauko, na malalaci ya kwanta.

Malam Salihu ya sami Ɗantani a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Ɗantani, Bature ke son bango. Kamu goma sha biyu, da ƙofa a tsakiya."

"Ɗakin wa?"

"Ba ɗaki. Bango kawai, a filin nan na Gwale, bakin kududdufi. In an gama za a zuba masa ruwa ya faɗi."

Ɗantani ya ajiye ƙotar. "Ya faɗi?"

"Ya faɗi."

"To me ya kawo ka wurina, Malam? Ga Sule nan bayan gidan mai unguwa, nasa ko ba a zuba ruwa ba."

"Bature ya ce wanda ya fi kowa yake so."

Ɗantani ya yi tsaki, ya ce shi ba ya wasan yara. Amma gari na wayewa aka gan shi a bakin kududdufi yana murza ƙasa a hannu yana shinshinawa.

Tsakani da Allah, ya yi niyyar yin aikin banza. Ƙasar da ya saba bari ta kwana bakwai, kwana huɗu ya bar ta, ya yi ta jin kamar ya yi sata. Amma da ya hau aka fara wurgo tubali, hannu bai san da yarjejeniyar ba. Gindi ya yi faɗi, sama ta tsuke, kowane tubali ya zauna daram a kan 'yan'uwansa. In ya ga rami ya cike, in ya ga karkata ya gyara, yana yi yana ce wa kansa ai wannan ba komai ba ne. Duk kwanakin nan Mai Kango na gefe da akwatin hotonsa mai ƙafa uku, dogo siriri mai jan wuya, yana ɗaukar hannuwan Ɗantani da fuskarsa da yadda yake cafe tubali ko dubawa ba ya yi. Shi kuwa gogan, rana ta uku sai ga shi da sabuwar hula.

Ranar rushewa aka tara 'yan garuwa goma sha biyu bisa dandamalin itace a bayan bangon, su riƙa kwarara ruwa ta cikin kwanduna don ya sauko kamar na sama. Matar da za ta tsaya a ƙofa bayan bango ya zube ita ta ba da wuya, don ba magidancin da zai bayar da matarsa a haska wa duniya. Da ƙyar aka shawo kan 'Yardada mai koko, tsohuwa ce, ta ce ita ba mai sakinta. Aka ce in ta tsaya ta ɓata rai. Ta ce ai ranta a ɓace yake, kokonta na can na hucewa.

Aka fara zuba ruwa tun azahar. Bango ya sha, ya yi duhu, ya tsaya. Aka ƙaro har kududdufi ya ja baya. La'asar ta yi, hasken da Bature ke so ya zo, bango na nan ƙiƙam. Sai aka ɗaura igiya ta inda hoto ba zai nuna ba, ƙarti ashirin suka kama, Malam Salihu na ba da baki. Suka ja, suka ja, igiya ta ce tas, ƙarti ashirin suka zube cikin taɓo a kan juna. Nan fa fili ya kaure da sowa, wani ya ɗaga murya, "Na Hajo, gininka sai tashin ƙiyama!" Mai Kango ya cire hula ya maka da ƙasa, yana wasu maganganu da yarensu waɗanda Malam Salihu ya ce alhamdu lillahi bai iya ba. Ɗantani ya sunkuyar da kai wai shi kunya, amma har kunnuwansa dariya suke.

Kashegari Alhaji Kolo ya aika a kira shi. Ya ba shi goro fari guda uku, ya ce, "Ɗantani, na ji abin da aka yi a Gwale. In Allah ya kai mu bayan damina, soron nan naka ne." Ɗantani ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Da nan labarin ya tsaya, da yau jikokinsa na nuna wa baƙi soron kakansu.

Kwana biyu da haka, da yamma, sai ga Mai Kango da kansa a ƙofar gida, shi da tafinta. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, dogayen ƙafafun nan sun rasa inda za su. Bai yi faɗa ba. Ya zaro wani hoto daga aljihu, duk gefensa ya cinye, ya miƙa. Titi ne dogo, ba rufi ko ɗaya, guntayen bangaye tsaitsaye kamar haƙoran tsoho. Ya ɗora yatsa a kan wata ƙofa da ta rage tsaye ita kaɗai, ya yi magana a hankali.

Malam Salihu ya ce, "Ya ce nan ne gidansu, a birnin Warso. A bakin ƙofar nan ya bar mahaifiyarsa da ƙanwarsa ranar da ya tafi soja. Yana wata ƙasa aka rushe birnin, gida gida. Hoton ma aiko masa aka yi. Ya ce ya ga gidan a tsaye, ya gan shi a kwance, tsakanin ne bai gani ba."

"Mutanen fa?"

"Har yau ba labari."

Ɗantani ya daɗe yana duban hoton. Tausayi ya kama shi sosai, don shi kam a hannunsa tasa uwar ta cika, ya san ko wannan rahama ce. Ya ce, "Allah sarki. Ce masa ya yi haƙuri."

Bature ya mayar da hoton aljihu, ya ƙara wata magana yana ɗaura takalmi. Malam Salihu ya fassara. "Ya ce ba ya ganin laifinka. Tsai da bango, kowane magini nagari ya iya. Amma wanda zai ce wa bango faɗi lokaci kaza kuma ya faɗi, ya bi ƙasa shida bai ga ko ɗaya ba, wataƙila ma babu shi. Gobe zai nemi Sule."

"Sule! Na Sule ai tun ana ginin zai danne mutane." Ɗantani ya murza gemu. Can ya ce, "Wace rana yake so?"

Daga baya Ɗantani kan ce tausayi ne ya sa shi. Hajo, wadda ta ji komai daga bayan labule, ta ce ita dai ta ga tausayin ya tsaya a kan "Allah sarki," abin da ya biyo baya aikin sunan Sule ne. Baƙi na fita ta tare shi. "Malam, sunan da ka yi shekara talatin kana ɗorawa, shi za ka kai bakin kududdufi ka zuba wa ruwa?"

"Ke me kika sani a kan ƙasa?"

"Ban san ƙasa ba, amma na san Kanawa."

Bai saurare ta ba. Kuma abin haushin, tunda yake bai taɓa zuba hankali a kan gini kamar wannan ba. Kwana biyar yana gina 'yan ƙananan bangaye a tsakar gida, yana zuba musu ruwa da buta, yana auna inuwa, Hajo na tsallake taɓo tana mita. Sannan ya koma Gwale ya tayar da sabo a gefen na farko. Bai zurfafa tushe ba. Jeri na uku daga ƙasa ya yi shi da tubalin rairayi, ba ciyawa ko ɗaya a ciki, ya lulluɓe da yaɓe mai kyau yadda ko magini ba zai gane ba. Ya huda 'yan ƙananan hanyoyin ruwa da kara, ya nauyaya sama, ya karkatar da shi faɗin yatsa biyu zuwa inda ba mutane. Ƙofar kuwa ya kafa mata azararta daban. Da ya gama ya soka turke a ƙasa, ya ce wa Malam Salihu, "Talata. Ana idar da azahar a fara zubawa, garwa arba'in, ba ƙari ba ragi. Inuwar bangon na taɓa turken nan ya kunna akwatinsa."

Ranar Talata fili bai cika ba, don mutane sun ce sun riga sun ga wasan. Garwa arba'in ta ƙare, 'yan garuwa suka sauko suka tsaya nesa. Inuwa ta yi ta jan ciki. Tana taɓa turke, bango ya yi wani nishi, tsaga ta taso daga gindi ta haura, ya durƙusa, ya kwanta gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa ga ƙofa tsaye ita kaɗai. 'Yardada ta shiga ta tsaya, wannan karon ba wanda ya ce ta ɓata rai. Mai Kango ya daɗe a bayan akwatinsa bayan ya kashe, sannan ya je bakin kududdufi ya zauna ya ba mutane baya, ba wanda ya bi shi. Ɗantani kuwa wani daɗi ne ya cika masa ƙirji, irin wanda bai taɓa ji ba a kan bangon da ya tsaya, har ya ji kunyar kansa.

Damina ta zo ta wuce, ba ɗakin Ɗantani ko ɗaya da ya yi yoyo. Alhaji Kolo ya sa an fara taro azara. Sai ga motar majigi ta kafa ƙyalle a filin Shahuci, birni ya taru. Mai lasifika wani malami ne baƙo da bai san kowa ba, abin da ya gani yake faɗa ya ƙara gishiri. Shi kuwa Bature, don son da ya yi wa hannuwan nan, ya haɗa ginin bangon farko da faɗuwar na biyu kamar bango ɗaya ne. Sai ga Ɗantani ya cika ƙyalle, fuska kamar faifai, yana cafe tubali. Fili ya ɗauka, "Ɗantani ne! Wallahi Ɗantani ne!"

Mai lasifika ya ce, "Jama'a, ku dubi wannan magini. Ga sabuwar hula, ga aikin ha'inci. Ku jira ku ga ƙarshensa." Ruwa ya sauko, bango ya kwanta, dariya ta ɓarke har wasu na riƙe ciki.

To, gani ya kori ji, amma abin bai wuce tsokana ba. Kowa ya san halin Mai Kango, kuma masu son Ɗantani nan take suka tashi kare shi. Ilu maɗinki, maƙwabcinsa, ya juya yana faɗa wa na baya, "Kai ku rufa wa mutum asiri! Nakiya Bature ya binne a gindin, wa bai sani ba? Ginin Ɗantani ai sai da nakiya." Aka yi ta gyaɗa kai, magana ta zauna. Da gogan ya kama bakinsa, da wata guda an manta.

Masu dariya ba su ƙona masa rai kamar Ilu ba. Nakiya! Kwana biyar yana auna inuwa, a ɗauki aikin a ba wa albarushin Turawa? Ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a, jijiyar wuya ta fito, ya ce, "Wace nakiya? Ni na yi shi! Ni na ce ya faɗi ran Talata, kuma ran Talata ya faɗi!" Bai tsaya nan ba. Ya yi bayanin jeri na uku, da rairayi, da hanyoyin ruwa, da yaɓen da ko magini ba zai gane ba. Kashegari ya maimaita a bakin masallaci, jibi a rumfar mai aski. Ya jawo Malam Salihu shaida, shi kuma bawan Allah ya rantse cewa ko taki ɗaya inuwar ba ta wuce turke ba.

Dariya ta tsaya, amma abin da ya maye gurbinta ya fi ta muni. Mutane suka koma gida suna tsugunawa suna ƙwanƙwasa jeri na uku. Duk wanda ya taɓa cacar baki da Ɗantani lokacin da yake masa gini, kuma wa ye bai taɓa ba, sai ya fara tuna abin da ya faɗa masa da irin kallon da ya mayar. Ilu da kansa ya janye gadonsa daga jikin bango. Ba wanda ya ce Ɗantani mugu ne, gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, har da rusunawa. Kiran aiki ne dai ya ɗauke ɗif. Garin neman gira an rasa ido.

Ya nemi Mai Kango, ko me zai yi masa oho, aka ce ai ya bar aikin ya bi jirgi. Malam Salihu ya ji labarin wai an yaba hoton a can ƙasashensu, kuma Baturen na wata ƙasa bakin teku yana shirya majigi a kan kamun kifi, a cikinsa ma akwai bango.

Sai Alhaji Kolo ya aika. Ɗantani ya tarar da shi a tsohon zauren da za a rushe, da dattawan unguwa huɗu, ga azara jibge a ƙofar gida, zaɓaɓɓu, masu kauri, ya bi su da ido yana shigowa har ya kusa tuntuɓe. Bayan gaisuwa Alhaji ya gyara zama.

"Ɗantani, ni na yi maka alkawari, kuma ba na son tashinsa. Ka fi su duka, ba yau na sani ba. Amma 'ya'yana da jikokina za su zauna ƙarƙashin rufin nan, iyalina sun tayar mini da hankali. Abu mai sauƙi ne. Ka faɗa gaban dattawan nan cewa nakiya ce Bature ya binne, zafin tsokana ya sa ka cika baki. Mu yi dariya, su kai maganar masallaci, gobe ka fara awo."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ai kowa na cika baki, Malam Ɗantani. Ba abin kunya ba ne."

Ɗantani ya ɗaga kai ya dubi tsohon rufin. A ransa ya riga ya cire shi, ya ga inda ƙafa huɗu na ɗaurin za su taso, da yawan azarar da kowace za ta ci, da inda za su haɗu. Yana son soron nan kamar ransa, kuma ya san ba za a sake yi masa tayin irinsa ba. Kalma ɗaya ce, kuma ba ta rage masa komai, ƙara masa ma za ta yi, a koma cewa gininsa sai da nakiya. Ya buɗe baki.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba nakiya. Garwa arba'in ce da rairayi. Ni na sa masa lokaci, kuma bai saɓa ba."

Alhaji Kolo ya dube shi, ya ce, "Na sani, Ɗantani. Allah ya ba mu alheri."

Da ya shiga gida Hajo na tankaɗe. Ta dubi fuskarsa, ta ajiye rariya ta kawo masa ruwa. Sai da ya sha ta ce, "Ka faɗa masa gaskiya ke nan." Ya ce e. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, Malam," ta koma kan garinta.

Soron aka ba wani. Ɗantani ya ƙare sauran ƙarfinsa a kan yaɓe da toshe ɓaraka da katangar awaki, inda ba mai kwana a ƙarƙashi, kuma ko ɗaya bai faɗi ba. Majigin yaɓe kuwa ya yi farin jini, shekara huɗu ana dawo da shi duk gabanin damina, unguwa unguwa. Duk inda aka kafa ƙyalle sai ka gan shi can baya, tsaye shi kaɗai, hannu a goye. Ba ya kallon fuskarsa, ba ya jin mai lasifika. In ruwa ya fara sauka sai ka ga leɓensa na motsi yana ƙirga, tsaga na tasowa ya gyaɗa kai ya ce a hankali, "Daidai." Sannan ya juya ya kama hanyar Mandawari tun ba a watse ba, don yana da sammako.